Jinkirin Jerawa: Yadda Ƙaramar Ƙofa Take Tsai da Babban Ayari a Hanyoyin Sadarwa



Gabatarwa

Maganar da za a tattauna a yau ta shafi wani abu ne da kusan kowa a wannan zaure ya taɓa ƙorafi a kansa, watau nawar intanet. Ɗalibi yakan zauna zai yi rajista, shafi ya ƙi buɗewa. Ma'aikaci yakan shiga taro ta bidiyo, murya ta riƙa yankewa, har ya rasa ko shi ake jira ko shi ne yake jira. Maganin da aka saba bayarwa guda ɗaya ne: a ƙaro sauri. Sai a rubuta takarda, a ware kuɗi, a sayo layi mai ninki goma na da. Wani lokaci a ga sauƙi, wani lokaci kuwa kuɗi su tafi, nawa tana nan inda take.

Dalilin haka shi ne jinkirin da saƙo yake yi tsakanin na'ura da na'ura iri huɗu ne, kuma ƙarin sauri ɗaya kaɗai yake ragewa kai tsaye. Wannan ɗayan shi ne maudu'in wannan lacca, an kuma ba shi suna da Hausa jinkirin jerawa. Wanda ya gane shi zai iya sanin ranar da ƙarin sauri zai biya bukata, da ranar da zai zama zuba ruwa a kwando. Tun da yake ma'aikata ne suke sa hannu a kan takardun sayen waɗannan layuka da dukiyar jama'a, ɗalibai kuma su ne ma'aikatan gobe, lalle batun ya cancanci a saurare shi.

Kalmomin da za a yi aiki da su

Kwamfuta ba ta san komai ba sai alamu biyu, 0 da 1. Kowace alama ɗaya sunanta bit, bit 8 kuma su ne bayit ɗaya, wanda ya isa ya ɗauki baƙi ɗaya na rubutun boko. Ba a aika dogon saƙo a dunƙule. Akan yanyanka shi ƙanana, kowane yanki a maƙala masa adireshi a ka, shi ne za a riƙa kira ƙunshi. Wayar da ta haɗa na'ura biyu, ta tagulla ce ko zaren gilashi ko iskar rediyo, za a kira ta hanya. Na'urar da take tsaye inda hanyoyi suka haɗu, tana karɓar ƙunshi tana duba adireshinsa tana tura shi gaba, za a kira ta mararraba. Game da lokaci kuwa, idan aka raba sakan ɗaya gida 1,000, kowane kashi milisakan ne. Idan aka raba milisakan gida 1,000, kowane kashi maikurosakan ne.

Misalin ayari

A zamanin fatauci, lokacin da ayari yake tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, akwai lokuta iri iri da madugu yake lissafawa. A ɗauka ayari ne na jakuna 100, zai fita ta ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwa, ƙofar kuwa jaki ɗaya take ci da kayansa, kowanne yana ɗaukar sakan 6 kafin ya wuce. Daga lokacin da na farko ya sa kai zuwa lokacin da na ƙarshe ya fitar da wutsiya, minti 10 ke nan. Wannan shi ne jinkirin jerawa. Bayan an fita, zango na gaba yana da nisan kilomita 20, jaki kuma yana cin kilomita 4 a awa, tafiyar awa 5 ke nan. Wannan shi ne jinkirin tafiya. Idan aka tarar da wani ayari ya riga isa bakin ƙofa, tilas a dakata har ya gama wucewa, shi ne jinkirin jira. Ɗan lokacin da mai gadin ƙofa zai ɗauka yana tambayar ko su wane ne, ina kuma suka nufa, shi ne jinkirin tantancewa.

To, a ce sarki ya sa an faɗaɗa ƙofar har jakuna 10 suna fita kafaɗa da kafaɗa. Minti 10 ɗin nan zai koma minti 1. Amma awa 5 ta tafiya tana nan daram, domin faɗin ƙofa ba ya ƙara wa jaki sauri. A nan ne kalmar sauri take ruɗin mutane. Idan aka ce hanya kaza ta fi hanya kaza sauri, abin nufi shi ne ta fi ta yawan bit da take iya karɓa a sakan ɗaya, watau ƙofarta ta fi faɗi. Shi kuwa hasken da yake ɗauke da bit a cikin zaren gilashi gudunsa ɗaya ne, kimanin kilomita 200,000 a sakan, ko hanyar mai tsada ce ko mai araha. Kowane kilomita ɗaya yana cin maikurosakan 5, babu kuɗin da zai sauya wannan.

Lissafin jinkirin jerawa

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki yawan bit da suke cikin ƙunshi, a raba da yawan bit da hanya take karɓa a sakan. Mafi girman ƙunshin da aka saba aikawa a hanyoyin Ethernet, waɗanda su ne suka cika ofisoshi da makarantu, bayit 1,500 ne, watau bit 12,000. Ga lokacin da wannan ƙunshi guda yake ɗauka kafin ya gama shiga hanyoyi daban daban:

Bit 300 a sakan, irin na'urar tarho ta shekarun 1960: sakan 40.
Bit 56,000 a sakan, irin na'urar tarho ta ƙarshen shekarun 1990: milisakan 214.
Bit 64,000 a sakan, layin murya guda: milisakan 187.5.
Bit 2,048,000 a sakan, layin haya irin na Turai da Afirka: milisakan 5.86.
Bit miliyan 10 a sakan: milisakan 1.2.
Bit miliyan 100 a sakan: maikurosakan 120.
Bit biliyan 1 a sakan: maikurosakan 12.
Bit biliyan 10 a sakan: maikurosakan 1.2.

Akwai darasi a cikin wannan jeri wanda ido ba ya saurin kamawa. Wanda ya tashi daga bit 64,000 zuwa bit 2,048,000 ya rage wa kowane ƙunshi fiye da milisakan 180, abin da kunne yake iya ji. Wanda ya tashi daga miliyan 10 zuwa miliyan 100 ya rage milisakan 1 da ɗan ɗoriya. Wanda kuwa ya tashi daga biliyan 1 zuwa biliyan 10 bai rage ko da maikurosakan 11 ba. Ashe ke nan ribar ƙarin sauri ga ƙunshi guda tana raguwa ne yayin da ake hawa, alhali kuɗin da ake biya ba ya raguwa haka.

Tsawon ƙunshi a cikin waya

Akwai wata hanyar kallon wannan al'amari. Tun da haske yana gudu yayin da ake jera bit, to kan ƙunshi yakan yi nisa kafin wutsiyarsa ta shiga waya, kamar yadda jagaba yake nisa da gari alhali uban dawaki bai fito daga ƙofa ba. Saboda haka ana iya tambayar ko mene ne tsawon ƙunshi a cikin zaren gilashi.

A hanya mai bit 64,000, milisakan 187.5 ya isa haske ya ci kilomita 37,500, kusan kewayen duniya, wanda yake kimanin kilomita 40,000. A irin wannan hanya nisa bai da wani nauyi, jerawa ita ce komai. A hanya mai bit miliyan 10, tsawon ƙunshin kilomita 240 ne, kusan nisan Kano zuwa Kaduna. A hanya mai biliyan 1 ya koma kilomita 2.4, a mai biliyan 10 kuwa mita 240 kacal. Wayar MainOne, wadda aka fara aiki da ita a 2010, ta taso daga Fotugal zuwa Legas ta ƙarƙashin teku, tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne. Haske yana bukatar milisakan 35 ya ratsa ta, zuwa da dawowa milisakan 70. Idan ana zuba mata ƙunshi a bit biliyan 10 a sakan, kimanin ƙunshi 29,000 ne za su kasance a cikin ruwa kafin na farko ya taka tudu.

Ma'aunin da za a riƙe shi ne wannan: idan tsawon ƙunshi ya fi tsawon hanya, jerawa ce take mulki, ƙarin sauri zai yi amfani ƙwarai. Idan tsawon hanya ya fi tsawon ƙunshi nesa ba kusa ba, tafiya ce take mulki, maganinta kuma shi ne a rage nisa ko a rage yawan kai da komowa.

Masu ƙera Ethernet sun yi karo da wannan lissafi tun farko. Robert Metcalfe da abokan aikinsa sun ƙirƙiro shi a kamfanin Xerox a 1973, aka kuma fitar da ƙa'idarsa mai bit miliyan 10 a 1980. A wancan tsari na'urori da yawa suna tarayya a waya ɗaya, idan biyu suka yi magana tare sai saƙonninsu su yi karo. Domin mai aikawa ya san an yi karo, dole labarin ya dawo masa tun bai gama jera ƙunshinsa ba. Shi ya sa aka ƙayyade cewa ƙunshi ba zai gaza bayit 64 ba, watau bit 512, wanda jerawarsa take cin maikurosakan 51.2, lokacin da ya isa a je a dawo a cikin wayar da ba ta wuce mita 2,500 ba. Da aka ninka saurin sau 10 a 1995, lokacin ya koma maikurosakan 5.12, sai tilas iyakar tsawon hanyar tarayya ta sauko zuwa kimanin mita 200.

Zango zango

Da wuya ƙunshi ya isa inda za shi ta hanya guda. Yakan ratsa mararraba bayan mararraba, kuma al'adar yawancinsu ita ce ba sa tura ƙunshi gaba sai sun karɓe shi duka, sun tabbatar bai lalace a hanya ba. Kamar madugu ne da ya ce ba za a tashi daga zango ba sai jakin ƙarshe ya iso an ƙirga. Ma'anar haka ita ce ana biyan jinkirin jerawa sabo fil a kowane zango, gwargwadon faɗin ƙofar da take gaba.

A ɗauki misalin wata ma'aikata. A cikin ofis hanyarsu mai bit biliyan 1 ce. Daga ofis zuwa kamfanin sadarwa suna da layin haya mai bit 2,048,000. Daga kamfanin zuwa gaba hanya ce mai biliyan 10. Ƙunshi guda zai ci milisakan 0.012 a ta farko, 5.86 a ta biyu, 0.0012 a ta uku, jimla kimanin 5.87. Idan aka kashe kuɗi aka sauya dukkan wayoyin cikin ofis zuwa biliyan 10, abin da aka rage bai kai kashi 1 cikin 500 na jimlar ba. Idan kuwa aka ɗaga layin tsakiya zuwa miliyan 10, an rage milisakan 4.66, kusan kashi 4 cikin 5. Hanya mafi ƙunci, wadda za a kira matsatsi, ita ce take yanke hukunci, sauran duk 'yan rakiya ne.

Wannan biya na zango zango shi ne kuma asalin hikimar yanyanka saƙo. Paul Baran a Amurka, a farkon shekarun 1960, da Donald Davies a Ingila, a 1965, kowannensu ya kai ga wannan dabara ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, dukansu kuma sun yi tunanin yanki mai bit 1,024. A duba amfaninta. Saƙo mai bit miliyan 12 zai ratsa hanyoyi 3, kowace mai bit miliyan 10. Idan aka aika shi a dunƙule, kowane zango zai jira sakan 1.2, jimla sakan 3.6. Idan aka raba shi ƙunshi 1,000, to yayin da na biyu yake shiga hanya ta farko, na ɗaya ya riga ya fara shiga ta biyu, duk hanyoyin suna aiki lokaci guda. Jimlar sai ta zama sakan 1.2 da milisakan 2.4. An rage kusan kashi biyu cikin uku ba tare da an ƙara wa kowace waya sauri ba. A kan wannan tushe aka gina ARPANET a 1969, wadda ta fara da cibiyoyi huɗu a jihohin Kalifoniya da Yuta, da layuka masu bit 50,000 a sakan, inda yanki mai bit 1,000 yake cin milisakan 20 a kowane zango.

Mai sauraro zai iya cewa, to me zai hana a yi ta ƙanƙanta ƙunshi? Abin da ya hana shi ne adireshi. A tsarin TCP da IP, wanda intanet take tafiya a kai, kan ƙunshi ba ya gaza bayit 40. A cikin ƙunshi mai bayit 1,500 wannan bai kai kashi 3 cikin 100 ba, amma a cikin mai bayit 80 rabi ne cur. Mangala ta zama ta kai nauyin kayan da aka zuba mata. Saboda haka zaɓen girman ƙunshi ciniki ne kullum tsakanin jinkiri da asarar fili.

Wasu kuma sun bi ta wata fuska. A 1979 Parviz Kermani da Leonard Kleinrock sun bayyana dabarar da mararraba za ta fara tura kan ƙunshi gaba da zarar ta karanta adireshi, ba sai wutsiya ta iso ba. Ana amfani da ita a manyan ɗakunan kwamfuta inda maikurosakan guda yake da daraja. Amma tana da iyaka: ba ta yiwuwa idan hanyar fita ta fi ta shiga sauri, domin mararraba za ta ƙarar da abin da ta karɓa tun sauran bai iso ba.

Idan babbar hanya ta zuba a ƙarama

Babbar matsala tana tasowa ne inda hanya mai faɗi ta haɗu da mai ƙunci. A ce kwamfuta ta turo ƙunshi 100 a jere ta hanya mai biliyan 1. Duk za su iso mararraba cikin milisakan 1.2. Idan hanyar fita mai bit miliyan 1 ce, kowanne zai ci milisakan 12, na ƙarshe ba zai gama fita ba sai bayan sakan 1.2. A nan za a ga cewa jinkirin jira ɗan jinkirin jerawa ne: abin da ƙunshi yake jira shi ne jimlar jerawar waɗanda suke gabansa. Idan rumbun ajiyar mararraba ya cika, sai ta zubar da duk wanda ya zo daga baya, mai aikawa ya sake aikowa, cunkoso ya daɗa cunkushewa.

An ga wannan ƙiri ƙiri a watan Oktoba na 1986, lokacin da abin da yake wucewa tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda suke maƙwabtan juna, ya faɗo daga bit 32,000 zuwa bit 40 a sakan. Van Jacobson, wanda ya binciki lamarin, ya fitar da maganinsa a 1988, kuma maganin daga jinkirin jerawa ya samo shi. Ya lura cewa ƙunshi biyu da suka shiga matsatsi kai da kai za su fito da tazara daidai da lokacin jerawar matsatsin, kuma tazarar ba ta rufewa ko sun koma babbar hanya, kamar jakunan da ƙofa ta rarrabe. Mai karɓa yana mayar da shaidar karɓa da wannan tazara. Idan mai aikawa ya riƙe cewa ba zai saki sabon ƙunshi ba sai shaida ta iso, to matsatsin da bai taɓa gani ba shi ne yake kaɗa masa gangar tafiya. Ya haɗa da dokar cewa a fara a hankali, a riƙa ƙarawa, idan aka ga ƙunshi ya ɓace a rage. Har yau intanet tana cin moriyar wannan tunani.

Daga baya, da ma'ajiyar kwamfuta ta yi araha, masu ƙera na'urori suka riƙa saka manyan rumbuna don kada a zubar da ko ƙunshi ɗaya. Sauri ya haifi nawa. Rumbu mai ɗaukar ɗaruruwan ƙunshi a bakin ƙaramar hanya yana nufin layin jira na sakan ɗaya ko biyu, kuma mai aikawa ba ya samun alamar ya rage sai rumbun ya cika. Jim Gettys ne ya ja hankalin masana ga wannan cuta a 2010, a 2012 kuma Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fitar da dabarar CoDel, wadda take auna tsawon lokacin da ƙunshi ya yi a layi, ta fara zubarwa tun layin bai yi tsawo ba. Wannan cuta ce ta sa idan mutum ɗaya a ofis yana tura babban fayil, kiran bidiyon kowa yakan lalace.

Murya ba ta jira

Fayil yana iya haƙuri, magana kuwa ba ta iyawa. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawara a ƙa'idarta mai lamba G.114 cewa idan jinkirin murya daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba, yawancin masu magana ba za su damu ba. A wani tsarin matse murya da aka saba amfani da shi, akan aika ƙunshi mai bayit 60 a kowane milisakan 20. A hanya mai bit 64,000 jerawarsa milisakan 7.5 ce. Amma idan ya iso ya tarar an fara jera ƙunshi mai bayit 1,500, tilas ya jira har milisakan 187.5, ko da an ba shi matsayin sarki a layi, domin ba a janye jakin da ya riga ya cika ƙofa. Wannan jira shi kaɗai ya zarce ƙa'idar duka. Maganin da aka samo a shekarun 1990 shi ne a daddatse manyan ƙunshi a bakin ƙananan hanyoyi zuwa gutsuren da ba zai wuce milisakan 10 ba, watau bayit 80 a hanya mai bit 64,000, a riƙa sako murya a tsakaninsu. Da hanya ta kai bit 768,000, babban ƙunshi milisakan 15.6 kawai yake ci, bukatar datsewa ta kau.

Irin wannan lissafi ne ya jawo gardama tsakanin ƙasashe a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ake tsara fasahar ATM, wadda ba ta da alaƙa da na'urar cire kuɗi ta banki sai sunan. Muryar tarho tana samar da bayit 8,000 a sakan, don haka cika ƙunshi mai bayit 32 yana cin milisakan 4, mai bayit 64 kuwa milisakan 8. Faransa da wasu ƙasashen Turai suka nemi 32, domin ƙaramin jinkiri zai hutar da su saka na'urorin kashe amsa kuwwa. Amurka, wadda faɗin ƙasarta ya riga ya tilasta mata saka su, ta nemi 64 don rage asarar fili. Aka raba gardama a 48, aka ƙara bayit 5 na adireshi, ƙunshi ya zama 53. Da hanyoyi suka kai biliyoyin bit, jerawar babban ƙunshi ta koma maikurosakan, dalilin ƙanƙantawar ya tafi, Ethernet kuma ta maye gurbin ATM a yawancin wurare.

Inda ƙarin sauri ba ya magani

Tauraron ɗan'adam mai tsayawa a saitin wuri guda yana da nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Hawa da sauka suna cin kimanin milisakan 240, tambaya da amsa kusan 480. A ce cika wata takarda ta intanet tana bukatar tambaya da amsa sau 10, kowace ba ta wuce ƙunshi guda ba. A hanya mai bit miliyan 10, jerawar ƙunshi 20 milisakan 24 ce, tafiya kuwa sakan 4.8. Ko an ninka saurin sau 100, abin da za a rage bai kai milisakan 24 ba daga cikin kusan sakan 5. Taurarin da suke kewayawa ƙasa ƙasa, irin na Starlink da suka fara aiki a Nijeriya a 2023, nisansu kimanin kilomita 550 ne, hawa da sauka ba su kai milisakan 4 ba. Bambancin daga nisa yake. Haka nan kuma, ma'aikatar da ta ajiye bayananta a Turai alhali masu amfani da su suna gida, kowace tambaya sai ta ƙetare teku ta dawo, an ɗora mata aƙalla milisakan 70 wanda babu faɗin ƙofar da zai sauke shi.

Yadda za a gwada

Duk wannan ana iya auna shi da ƙaramar manhajar ping, wadda take cikin kowace kwamfuta, tana aika ƙunshi ta faɗi tsawon lokacin da ya yi kafin ya dawo. A aika mai bayit 100 sau da yawa, sa'an nan mai bayit 1,100, a ɗauki mafi ƙarancin lokacin kowanne. Bambancinsu bit 8,000 ne, tafiya kuwa ɗaya ce ga dukansu, don haka ratar da aka gani ta jerawa ce. Idan akwai matsatsi mai bit miliyan 2, za a ga ƙarin kimanin milisakan 8, watau 4 zuwa 4 dawowa. Idan duka biyu sun daɗe amma ratar ba ta taka kara ta karya ba, cutar ta nisa ce. Idan da asuba lokacin gajere ne, da hantsi kuwa ya ninka sau goma yana hawa yana sauka, cutar ta jira ce, sai a nemi matsatsi, a duba girman rumbunsa da yadda yake tsara layi. A 1997 Van Jacobson ya fitar da manhajar pathchar, wadda take amfani da wannan dabara ta ƙiyasta saurin kowace hanya zango zango.

Kammalawa

Abin da aka nuna shi ne jinkirin jerawa rabon girman ƙunshi ne da saurin hanya, ana biyansa a kowane zango, mafi ƙuncin hanya ita take ɗaukar kaso mafi tsoka, kuma shi ne yake haifar da layin jira inda babbar hanya ta zuba a ƙarama. Ƙarin sauri yana da amfani ga mai jigilar manyan fayiloli, da ofishin da mutane da yawa suke tarayya a layi ɗaya, da duk wanda matsatsinsa yake cike. Ba shi da wani tasiri ga wanda nisa ne yake cinye masa lokaci.

Saboda haka, ma'aikacin da aka kawo wa takardar neman ƙarin sauri yana da haƙƙin ya tambaya kafin ya sa hannu: wace hanya ce mafi ƙunci tsakanin teburin ma'aikaci da inda bayanan suke, an auna an ga tana cika, kuma a wane gari aka ajiye bayanan? Idan mai neman kuɗin bai zo da amsa ba, a mayar masa da takardarsa ya je ya auno, awon kuwa ba ya cin ko kwabo. Ga ɗaliban Hausa kuma akwai aiki: kalmomin da aka yi amfani da su yau, ƙunshi da mararraba da matsatsi da jinkirin jerawa, shawara ce aka gabatar. Sai an gwada su a aji da ofis da gidan rediyo za a san waɗanda za su zauna a bakin jama'a.